Ku Tambayi Ma'aikatan Ido: Yanar Ido a Karkarar Kebbi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan yanar ido suke, yawancinsu daga ƙauyukan jihar Kebbi. Mun ɗauki bakwai, mun rage musu tsawo, mun cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70. Shekara biyu ke nan ganinsa na raguwa, ba ciwo ba ja, yanzu sai da ɗan jagora yake zuwa masallaci. Tsakiyar baƙin idonsa na dama ya yi fari. Wasu sun ce mu bari sai yanar ta nuna, wasu sun ce akwai maganin ɗigawa mai narkar da ita. Wanne za mu bi? (Daga Kangiwa)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku bi ko ɗaya, Malam.

Mutane da yawa na zaton yana wata fata ce da ta rufe ido daga waje, shi ya sa suke sa ran a goge ta ko a narkar da ita. A ciki take. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau, girmansa kamar ƙwayar wake, shi ke tattara haske ya aika can bayan ido. In shekaru suka ja sai ya soma dushewa, kamar farin ƙwai da ya ji wuta. Babu ɗigo, babu ƙwaya, babu saiwar da ke mayar da dafaffen ƙwai ɗanye. Kuɗin da za a kashe a kemis a ajiye shi na mota.

Zancen jira sai ta nuna kuwa tsohon yayi ne, na zamanin da ake ciro madubin duka da jakarsa. Ma'aunin yau shi ne, shin yanar ta hana mutum harkarsa? In ba ya iya karatun Alƙur'ani, ko gane fuska daga ƙofar zaure, ko tantance kuɗi a kasuwa, lokaci ya yi. Wanda har ake ja masa sanda ya ma makara. Jinkirin yana da haɗari: yanar da ta wuce kima takan kumbura ko ta ruɓe ta toshe magudanar ruwan ido, sai ido ya yi ja, ya yi tauri, ga ciwon kai mai tsanani har da amai. In aka kai nan, 'yan kwanaki sun isa su kashe jijiyar gani, kuma ita ba a gyara ta.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, kimanin mutum 4 cikin 100 makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta. Wato Baba yana cikin rukunin da ya fi kowanne yawa, kuma irin tasu ce ake warkewa. Ku kai shi sashen ido a Birnin Kebbi, ko asibitin Sir Yahaya ko na tarayya, a duba shi.

TAMBAYA: Akwai masu aikin ido na gargajiya da kan zo mana ranar kasuwa. An yi wa kawuna, nan take ya ce yana ganin mutane. Ba sai an je birni ba, kuma sai an gani ake biya. Me ya sa ku 'yan asibiti kuke kushe su? (Daga Kamba)

AMSA: Tambaya ce mai kyau, kuma abin da ka gani da idonka gaskiya ne. Nan take haske kan shigo. Ga abin da ke faruwa: mai aikin yakan soka tsinke ko allura ta gefen farin ido, ya ture madubin da ya dushe ya faɗa can cikin ido, kamar a ture murfin rijiya ya faɗa ciki. Hanya ta buɗe, amma murfin yana cikin rijiya.

Matsala ta farko, ido ya rasa madubinsa kuma ba a mayar masa da wani ba. Mai irin wannan ido yana ganin haske da giftawar mutane, amma komai dishi-dishi, sai ya samu tabarau mai kauri ƙwarai, mai lamba +10 ko kusa da haka. Irin tabaran nan da kan sa idon tsoho ya yi ƙato. Ran da ya fashe, an koma gidan jiya.

Ta biyu ta fi muni, kuma ba ta bayyana sai mai aikin ya yi nisa. Madubin da aka tura ciki yakan fashe, abin da ke cikinsa ya tayar da kumburi. Daga nan sai hawan jinin ido, wato ƙarfin ruwan ido ya yi yawa, ko labulen da ke bayan ido ya ɓalle, ko ƙwayoyin cuta daga tsinken da ba a dafa ba su cika ido da mugunya. Wasu cikin mako guda, wasu sai bayan watanni. In hakan ta faru ba a cewa aikin ne, sai a ce ƙaddara ce ko an karya sharaɗi. Wancan binciken na ƙasa ya samu cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 cikin ɗari wannan turawar aka yi musu, kuma kusan uku cikin huɗu na idanun da aka tura ɗin makafi ne a lokacin da aka auna su.

Amma a faɗi gaskiya, masu wannan sana'a sun fi mu abu uku: suna zuwa har ƙofar gida, suna magana da harshen mutane, kuma ba sa cewa a dawo gobe. Duk shirin kula da ido a karkara da bai kwaikwayi waɗannan ba, kasuwarsu ce zai ci gaba da cikawa. Kawunka kuma a kai shi a auna ƙarfin ruwan idon tun bai soma ciwo ba, kuma kada a bari a taɓa ɗayan.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauyenmu. In za a yi aikin ido kyauta akan ce mu tara mutane. A karon baya mun cika mota biyu, aka dawo mana da fiye da rabi, wai ba yana ba ce. Mutane sun ji haushina ƙwarai. Yaya zan riƙa tantancewa? (Daga yankin Shanga)

AMSA: Sannu da ƙoƙari, abokin aiki. Wannan ita ce babbar ɓarakar aikin ido a karkara. Tsohon da ya sayar da akuya ya yi guziri aka dawo da shi hannu rabbana ba zai sake yarda ba, kuma zai hana mutum goma. Tantancewa ba ta bukatar na'ura. Ka tanadi tocila mai sabon batir, igiya mai tsawon mita 6 da ƙulli a tsakiya wato mita 3, ɗan kwali da ka huda da allura hujin bai wuce milimita 1 ba, da littafin rajista. In ka samu katin gwaji mai harafin E, madalla. In babu, yatsunka sun isa.

Ka yi gwajin a waje da rana, a inuwa, hasken yana bayan mara lafiya. Ido ɗaya-ɗaya, ya rufe ɗayan da tafin hannu ba da yatsu ba, domin tsofaffi kan leƙa ta tsakanin yatsu ba da niyyar cuta ba. Ka tsaya a ƙarshen igiya ka ɗaga yatsu, ka canza adadi sau uku ko huɗu. In bai ƙirga ba, matso wurin ƙulli. Wanda ya kasa a mita 6 ganinsa ya yi rauni sosai. Wanda ya kasa a mita 3 da idonsa mafi kyau, a ma'aunin likitoci makaho ne, shi ke kan gaba a jerinka.

Sai ka ba shi kwalin nan ya leƙa ta huji. In gani ya gyaru sosai, yawanci tabarau yake bukata, ba tiyata ba. Ka rubuta shi a shafi dabam.

Yanzu tocila. Ka haska daga gefe ka duba inda farin yake. In yana saman baƙin ido, a kan gilashin gaba, har ya rufe launin ido, wannan hakiya ce, tabon miki ne, aikin yana ba ya cire ta. In gilashin gaba garau yake, farin ko tokar yana cikin ɗan zagayen tsakiya, wannan ita ce yana. In kuwa mutum ba ya gani amma zagayen tsakiya baƙi wuluk, ka yi zargin hawan jinin ido ko cutar bayan ido irin ta masu ciwon sukari. Shi ma ka tura shi asibiti, da gaggawa ma, amma kada ka yi masa alkawarin gani.

Gwajin da aka fi mantawa shi ne wanda ya fi raba gardama. Ka shiga da shi ɗaki mai duhu-duhu, ka haska idon kai tsaye. Zagayen tsakiya ya kamata ya tsuke nan da nan. Sannan ka haska daga sama, ƙasa, dama da hagu, ya nuna maka ta inda hasken ke zuwa. Komai kaurin yana ba ta hana ganin hasken tocila. Wanda ya ce bai ga komai ba, ko zagayen ya tsaya a buɗe bai motsa ba, galibi jijiya ta riga ta mutu a bayan yanar. Ka gaya wa iyalinsa gaskiya cikin lumana.

Akwai waɗanda yana ce da su amma za a ɗage musu aiki in ba ka shirya su ba. Mai jan ido da kwantsa, a yi maganinsa tukuna. Mai gira, wanda gashin ido ya juya yana gogar ƙwaya sanadin amosanin ido, aikin fatar ido ake fara yi masa. Ka danna gefen hanci inda hawaye ke bi, in mugunya ta fito, wannan ido ba ya shiga tiyata sai an magance ta. Ka auna jini da sukari mako biyu kafin ranar, ba a daren tafiya ba. In jini ya kai wajen 180 bisa 110 yawanci ɗagewa ake yi, alhali da an soma magani da wuri da an wuce wurin.

Abu na ƙarshe, kada ka dogara da shela a masallaci da kasuwa kaɗai. Maza za su ji su fito, tsofaffin mata kuwa suna can ƙuryar ɗaki, an ce tsufa ne. Ka nemi izinin dagaci da masu unguwa ka bi gida-gida, tare da ungozoma ko masu rabon magungunan shekara-shekara, waɗanda gwamnati da ƙungiyoyi irin su Sightsavers suka daɗe suna aiki da su a Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Sun san kowane gida. Kowane suna ka rubuta shi da sunan mai rakiya da lambar waya, domin yawanci ba kuɗin aiki ke hana tsohuwa zuwa ba, rashin wanda zai bar gona ya kwana biyu da ita ne. Shi ya sa bayan kaka ya fi tsakiyar damina.

TAMBAYA: Innarmu ta ƙi yarda sam. Ta ce ta ji ana ƙwaƙule ido a wanke a mayar, wasu ma sun ce mata idon akuya ake sawa. Don Allah ku bayyana mana abin da ake yi. ('Yar uwa daga Jega)

AMSA: Ki gaishe da Inna, ki karanta mata wannan. Ido ba ya barin gurbinsa, kuma babu hannun akuya a ciki.

Kafin aiki ana auna lanƙwasar gaban ido da tsawonsa, domin a zaɓi madubin roba mai ƙarfin da ya dace da ita. Yawancin mutane lambarsu tana kusa da 20 zuwa 22, amma in aka sa wa kowa lamba ɗaya ba awo, wasu za su fito suna gani dishi-dishi ko da aikin ya yi kyau. Kuna da ikon tambaya ko an yi wannan awo. Ranar aiki ana ɗiga maganin buɗe zagayen ido, a yi allurar kashe zafi a gefen ido, ba a cikin ƙwaya ba. Ita ce kaɗai mai ɗan zafi. Ba a sa Inna barci. A wanke ido da ruwan aidin, a rufe fuska da ƙyalle mai tsabta. Likita yana duba ta madubin ƙara girma, ya yi 'yar kafa ta milimita 6 zuwa 7 a saman farin ido, ya buɗe gaban jakar madubi, ya zaro dusasshen, ya wanke, ya zura na roba cikin jakar. Kafar an yanke ta ne yadda za ta rufe kanta, galibi ba ɗinki. Minti 15 zuwa 20. Washegari a cire bandeji. Madubin robar ba ya tsufa, ba a canza shi.

Ta yi wanka ta wanke kai tun jajibiri, kada ta sa kwalli, ta sha maganin hawan jininta kamar kullum. A gaya wa likita duk maganin da take sha, musamman mai tsinka jini. (Maza tsofaffi masu shan maganin wahalar fitsari su ma su faɗa, domin wani irinsa kan sa aikin ya yi wuya.) In tari ya taso mata a kan gado ta yi magana, kada ta motsa kai. Ido ɗaya ake yi, ɗayan sai bayan makonni. In akwai wata tsararta a unguwa da aka yi wa ta warke, kai ta su gana. Maganarta za ta fi tamu shiga.

TAMBAYA: An yi wa yayana aiki, an ba mu kwalba biyu na maganin ɗigawa aka sallame mu. Manomin shinkafa ne. Yaya batun salla da alwala da komawa fadama? (Daga Argungu)

AMSA: Rabin nasarar aikin yana hannunku yanzu. Ku bi adadin da aka rubuta muku, wanda yawanci sau 4 zuwa 6 ne a rana da farko, a riƙa ragewa cikin mako 4 zuwa 6. In sau huɗu ne, ku ɗaura shi da asuba, azahar, magariba da lokacin kwanciya, ba za a manta ba. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ɗigawa. Ya wanke hannu da sabulu, ya ja fatar ƙasa, ɗigo ɗaya tak, bakin kwalba kada ya taɓa ido ko gashi. A rufe ido minti biyu. Tsakanin kwalba da kwalba a ba da minti biyar, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko. Kwalbar mililita 5 tana da ɗigo kusan 100, wato sau huɗu a rana ba za ta kai wata guda ba, sai ku nemi ta biyu tun ta farko ba ta ƙare ba. Amma in wa'adin ya cika a tsaya. Ɗaya daga cikin magungunan nan in aka zarce da shi watanni yakan jawo hawan jinin ido, kuma irinsa da ake saye a kemis don ƙaiƙayi shi kansa yana haddasa yana.

Ruwa kada ya shiga idon mako biyun farko. Ya goge fuska da jiƙaƙƙen hannu ya kauce wa idon, ya tambayi malaminsa hukuncin da ya dace da mai rauni. Likitoci da yawa kan ce a yi salla a zaune da ishara na mako ɗaya ko biyu, sai ya bi abin da nasa likitan ya ce. In azumi ya riske shi kada ya bar magani da ra'ayin kansa. Danne kusurwar ido ta wajen hanci minti biyu bayan ɗigawa yana rage gangarowarsa maƙogwaro, sauran kuma ya tuntuɓi malamai da likita a gyara lokutan.

Fadama, casa, shiƙa, kamun kifi, da hayaƙin murhu, a haƙura da su wata guda zuwa mako shida. Ƙaiƙayin shinkafa da ruwan kogi su ne abokan gabar sabon aiki. Ya sa baƙin tabarau in zai fita, musamman da hunturu. Ban da murza ido, ban da kwalli, ban da tofi ko rubutu a cikin ido.

A koma asibiti ranakun da aka sa, yawanci bayan mako ɗaya ko biyu, sannan mako shida don gwajin tabaran karatu. Amma in ciwo ya ƙaru maimakon raguwa, ko ganin da ya dawo ya soma dushewa, ko fatar ido ta kumbura da mugunya, a tafi a ranar, ko da dare ne. Ƙwayar cuta a cikin ido da sa'o'i take aiki.

TAMBAYA: Shekara biyu da yi mini aiki, na ga garau, yanzu hazo ya dawo. Yana na sake tsirowa ne? (Daga Yawuri)

AMSA: A'a, Alhaji. Bayan jakar da aka zaunar da madubin roba ne ya yi hazo, abu ne da aka saba gani. Ana huda shi da hasken leza cikin 'yan mintuna kana zaune, ba yanka. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, ana iya tura ka babba, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A auna maka ƙarfin ruwan ido a duba bayan ido, musamman in kana da sukari, don kada a ɗora wa jaka laifin wani.

TAMBAYA: Jaririyata watanta biyu, na lura tsakiyar idonta ɗaya fari ne kamar na kyanwa in haske ya buga. Kakarta ta ce a ɗiga nono, zai washe in ta girma. (Uwa daga Zuru)

AMSA: 'Yar uwa, kada ki ɗiga komai, kuma kada ki jira. Ki kai ta wurin likitan ido cikin makon nan. Ana haihuwar yara da yana, wani lokaci ta gado, wani lokaci sanadin wani nau'in ƙyanda da uwa ta yi da ƙaramin ciki. Lissafin jariri dabam yake da na tsoho. Tsoho ya riga ya iya gani, ko bayan shekara biyar aka cire yanar zai gani. Jariri kuwa a watannin farko ƙwaƙwalwarsa ke koyon gani, idon da aka bari a rufe sai ta yi watsi da shi, ko an yi aiki daga baya ba ya kamawa sosai. Shi ya sa ake son yin aikin cikin makonnin farko na rayuwa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi: farin tsakiyar ido a yaro kan zama alamar wata cutar dajin ido da ke kama ƙananan yara, wadda ake warkewa in an gano da wuri, take kisa in an bari. Likita ne kaɗai zai bambance. Aikin yara sai an sa su barci, don haka ki shirya ana iya tura ku Sakkwato, Kaduna ko Kano. Bayan aiki akwai tabarau, da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum don a tilasta wa mai raunin aiki, da komawa asibiti shekaru. Ki tafi da katin rigakafinta, kuma in akwai wani a danginku ko na mahaifinta da aka haifa da irin wannan, ki faɗa wa likita, a duba yayyenta su ma.